An Yi Musu Kuɗin Goro: Sharhi a Kan Zanen Shimomura da Katunan Maruyama

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar goro ya san ma'anar kuɗin goro: babba da ƙarami, fari da ja, mai kyau da mai tabo, a haɗa a yanka musu farashi ɗaya. A kan goro wannan ciniki ne. In aka yi wa mutane shi kuwa, zalunci ne. Sharhinmu na wannan fitowa a kan ayyukan wasu masu fasaha biyu ne 'yan Amurka, jikokin Japanawa, Roger Shimomura da Wendy Maruyama, waɗanda suka shafe shekaru suna tono wani kuɗin goro da gwamnatin ƙasarsu ta yi wa iyayensu da kakanninsu. Hotunan ayyukan duk suna intanet, mai waya a hannu in ya rubuta sunayen zai gan su, don haka mai karatu na iya dubawa ya yarda da ni ko ya ƙi.

Abin da ya faru

Sai an san labarin kafin a gane zanen, to bari mu taƙaita shi.

Japanawa sun fara shiga Amurka da yawa tun ƙarshen ƙarni na 19, suna noma da kamun kifi da ƙananan sana'o'i a gaɓar yamma. Dokar ƙasar ta hana wanda aka haifa a Japan zama ɗan ƙasa, ko da ya shekara arba'in a can, kuma ba a ɗage wannan hani ba sai 1952. A 1913 jihar Kalifoniya ta hana irin waɗannan baƙi mallakar gona. A 1924 aka rufe ƙofar shigowa gaba ɗaya. Amma 'ya'yan da suka haifa a can 'yan ƙasa ne cikakku bisa tsarin mulki.

Ranar 7 ga Disamba 1941 Japan ta kai hari kan sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor. Ranar 19 ga Fabrairu 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan umarni mai lamba 9066, wanda ya ba soja ikon kwashe mutane daga duk yankin da suka ga dama. Da shi aka kwashe kimanin mutum 120,000 masu jinin Japan, kusan kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne haifaffun Amurka. Ba tuhuma, ba shari'a. An ce kowa ya ɗauki abin da hannunsa zai iya ɗauka. Gida da shago da gona, wasu suka sayar a wulaƙance cikin 'yan kwanaki, wasu suka bar wa maƙwabta amana. An fara tara su a filayen sukuwa da na baje kolin amfanin gona, wasu iyalai a cikin bargar dawaki, sannan aka rarraba su sansani goma a cikin hamada da fadama, an kewaye da waya mai ƙaya da hasumiyar masu gadi. Amurka tana yaƙi da Jamus da Italiya a lokacin, ta kuma tsare wasu daga cikin mutanensu, amma ɗaiɗai ta tsince su, ba ta kwashe su duka da jarirai da tsofaffi ba.

Sai bayan shekara arba'in, a 1983, wani kwamiti da majalisar ƙasar ta kafa ya ce babu wata larurar tsaro da ta wajabta hakan, abin da ya jawo shi wariyar launi ne da firgicin yaƙi da gazawar shugabanni. A 1988 Shugaba Reagan ya sa hannu a kan dokar neman gafara, aka ba duk wanda ya rage da rai dala 20,000. Da yawa daga cikin tsofaffin sun riga sun rasu.

Jikan ungozoma

An haifi Roger Shimomura a birnin Seattle a 1939. Kakarsa Toku, wadda ta zo Amurka a 1912, ungozoma ce, ita ta karɓi haihuwarsa. Bai cika shekara uku ba aka kwashe su zuwa filin baje koli na Puyallup, daga nan sai sansanin Minidoka a jihar Idaho. Ya girma ya yi aikin soja wa Amurka a Koriya, ya karanci zane, ya koyar a Jami'ar Kansas daga 1969 zuwa 2004.

Akwai labarin da yake yawan bayarwa na yadda salonsa ya samo asali. A wurin wani gwanjo a Kansas wani manomi ya tare shi yana mamakin yadda ya iya Turanci, yana ta tambayarsa daga ina yake. Ya ce Seattle. Mutumin bai gamsu ba, ya koma kan iyaye. Da ya ji mai zane ne, sai ya tambaye shi ko yana zana matan Japan masu rigar gargajiya, don shi da matarsa suna tara irin waɗannan hotuna. Shimomura, wanda ya taso da littattafan katun na Amurka, bai san komai ba game da zanen gargajiyar Japan. Sai ya je ya nemo littafi ya koya, ya fara zana wa mutane abin da suke zaton shi ne, yana cusa musu Amurka a ciki.

A nan ne mabuɗin aikinsa yake. Japan ɗin da ke cikin zanensa, mayaƙan samurai da mata masu tsefe a kai da igiyar ruwa mai kumfa, ba daga gidan uwarsa ya ɗauko ta ba, daga idon mai kallonsa ya aro ta. Ya kuma lura cewa tsofaffin hotunan Japan da ake sassaƙawa a katako a buga a takarda, da katun ɗin Amurka, hanyarsu ɗaya: baƙin layi mai kauri ya zagaye abu, a cika ciki da launi ɗaya shimfiɗaɗɗe, babu inuwa babu zurfi. Da wannan layi ɗaya ya ɗinke duniyoyin biyu, ba ka ganin wurin ɗinkin. Wanda ya ce masa dole ya zaɓi ɗaya, zanen ya riga ya ba shi amsa kafin a kai ga abin da aka zana.

Inuwa a bayan taga

Kakarsa ta shekara 56 tana rubuta abin da ya faru da ita kullum, da Japananci. Jikan ba ya karanta harshen, sai da aka fassara masa. Daga wannan kundi ya fitar da jerin zane a farkon shekarun 1980, ya sake komawa kansa a ƙarshen shekarun 1990. Kowane zane sunansa kwanan watan da kakar ta yi rubutun.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 12 ga Disamba 1941, kwana biyar bayan harin, wanda ya zana a 1980, yana kuma gidan adana zane na Smithsonian a Washington. A lokacin gwamnati ta rufe asusun bankin Japanawa baƙi. A ranar ce aka ba su izinin cirar dala ɗari don cefane, tsohuwar kuwa ta rubuta tana yaba wa Amurka da karamci, ganin cewa ana musu kallon abokan gaba amma aka yi musu wannan sassauci. Kuɗinta ne fa, na guminta.

Me jikan ya yi da wannan? Ya zana mace cikin rigar gargajiya tana zaune a ɗaki irin na Japan, ita kaɗai, cikin natsuwa. A bayanta akwai taga ta takarda mai gidaje huɗu-huɗu, a jikin takardar kuma inuwar Superman ce, jarumin katun ɗin Amurka, tsaye da mayafinsa. Ba a ga fuskarsa. Ba ka sani ba, gadinta yake yi ko gadin kada ta fita. Sandunan tagar da kansu, in ka ƙara kallo, sun fara kama da na kurkuku.

Gwanintar a nan ita ce bai ƙaryata kakarsa ba, bai kuma yi mata dariya ba. Ya bar mata godiyarta yadda ta rubuta ta, ya ajiye inuwar kawai a inda ita ba ta waiwaya ba. Mu masu kallo mun san abin da zai biyo baya nan da wata huɗu ko biyar, ita ba ta sani ba. Duk wanda ya taɓa jin dattijo a unguwar baƙi yana cewa a yi haƙuri, ai sun kyauta mana da suka bar mu muka buɗe kasuwa, ya san wannan murya, ya san kuma cewa ba wauta ba ce, dabarar mai iyali ce a garin da ba shi da ƙarfi. Sannan ga wani abin: waɗanda suka ƙirƙiro Superman, wanda ya fara fitowa a 1938, Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan Yahudawa baƙin haure ne, kuma a cikin tatsuniyar shi kansa jarumin daga wata duniya aka jefo shi yana jariri. Baƙo ne da aka karɓa, yana tsaye a kan baƙuwar da aka ƙi.

Daga saman hasumiya

A jerin da ya yi daga baya kan Minidoka, ya sauya wurin tsayuwa. A zanen da ya kira American Guardian, wato Mai Gadin Amurka, da kuma manyan zanen American Infamy, wato Abin Kunyar Amurka, ba a cikin sansanin ya ajiye mai kallo ba, a saman hasumiya ya ajiye shi, a bayan soja. Ƙeyar sojan kake gani da bindigarsa ko madubin hangen nesansa, can ƙasa kuma ga dogayen ɗakunan katako a jere. A na farkon, abin da bakin bindigar ke gadi yaro ne ƙarami a kan kekensa mai ƙafa uku. A na biyun, mutane ne birjik suna harkokinsu na yau da kullum, baƙin gajimare ya ratsa tsakani ya rufe wasu sassa, irin yadda ake yi a zanen labulen katako na tsohuwar Japan, inda gajimaren kan zama na zinariya.

Wannan zaɓi ne mai wayo, kuma shi ne abin da ya fi ƙarfi a aikinsa duka. Da ya ajiye mu a ƙasa tare da yaron, da mun ji tausayi mun wuce, kowa ya tafi yana ganin kansa mutumin kirki. Da ya hau da mu sama, sai ya zamana da idon mai gadi muke kallo, ko muna so ko ba ma so. Daga can sama ba ka ganin fuska, ba ka sanin wane ne malami, wace ce ungozoma, duk sun zama ɗigo-ɗigo masu kama ɗaya. Haka kuɗin goro yake daga wurin mai yanka farashin.

Shimomura a cikin kwalekwale

Zanensa da ya fi shahara shi ne Shimomura Crossing the Delaware na 2010. Akwai wani tsohon zane na 1851 da kowane ɗan makaranta a Amurka ya sani, wanda ke nuna George Washington tsaye a kwalekwale yana tsallaka kogin Delaware da sojojinsa a 1776, lokacin yaƙin neman 'yanci daga Ingila. Shimomura ya cire Washington ya sa kansa, da gilashinsa, cikin kayan janar. Masu tuƙin suka zama samurai. Kogin ya zama mashigin ruwan San Francisco, can baya kuma ga tsibirin Angel, inda daga 1910 zuwa 1940 ake tsare baƙi 'yan Asiya ana yi musu tambayoyi, wasu makonni wasu watanni, kafin a bar su su shiga ko a mayar da su.

Zanen yana ba da dariya da farko, kuma da gangan ne. Amma ka tambayi kanka me ya ba ka dariyar. Fuskar ce ba ta dace da rigar ba a idonka. To wa ya ce ba ta dace ba? Mutumin nan haifaffen ƙasar ne, ubansa haifaffen ƙasar ne, ya sa kakin sojanta da gaske. Wanda ya yi zanen asalin ma, Emanuel Leutze, a Jamus aka haife shi, a birnin Dusseldorf kuma ya zana shi, ba wanda ya taɓa cewa zanen bai cika ɗan Amurka ba. Dariyar mai kallo ita ce shaidar da Shimomura ke nema, kuma yana samunta a kowane kallo.

Inda ya gaza

Ba duk aikinsa ne ya kai wannan matsayi ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shimomura ya daɗe yana tara kayan cin mutunci da aka riƙa bugawa a Amurka a kan 'yan Asiya, hotuna masu rawayar fata da gatson haƙora da tsukakken ido. A yawancin zanensa na baya-bayan nan yakan cika allon da waɗannan fuskoki, ya sa kansa a tsakiya yana kai musu naushi da shuri. Niyyar a fili take. Matsalar ita ce hannunsa ya ƙware ƙwarai, launinsa yana da daɗin kallo, sai mummunar fuskar ta fito fes, ta fi yadda masu ƙiyayyar suka zana ta kyau. A cikin gidan baje koli, da bayani a gefe, ana gane manufa. In hoton ya fita ya shiga wayoyin mutane ba bayani, fuskar ce ke tafiya, naushin ya tsaya a baya.

Na biyu, waɗannan zane suna gama maganarsu a kallo ɗaya. Ka gani, ka gane, shi ke nan. Na kakarsa da inuwar kuwa, kana iya komawa sau goma kana samun sabon abu, don bai gaya maka abin da za ka ji ba. A ganina Shimomura ya fi iya magana in ya sassauta murya. Mai kare shi zai ce wanda aka shekara saba'in ana tambayarsa daga ina yake yana da haƙƙin ɗaga murya, kuma iyayensu sun yi shirun da ya isa, don da yawansu har suka mutu ba su ba 'ya'yansu labarin sansanin ba. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Haƙƙin yin ihu daban, zanen da zai daɗe a zuciya daban.

Kati dubu ɗari da ashirin

Wendy Maruyama, wadda aka haifa a jihar Colorado a 1952, kafinta ce ta asali, mai ƙera kujeru da akwatuna na fasaha, ta kuma daɗe tana koyarwa a jami'a a San Diego. Ita ba ta zana fuskar kowa ba. Abin da ta kama shi ne kati.

Ranar kwashewa, an ba kowane iyali lamba, aka rubuta a kati mai zare irin wanda ake ɗaura wa kaya a tasha, aka ɗaura wa akwati, aka ɗaura wa mutum a wuyan riga. Mai ɗaukar hoto Dorothea Lange, wadda gwamnati da kanta ta ɗauka aiki a 1942, ta ɗauki yara sanye da kayansu masu kyau, katin na lilo a ƙirjinsu. Hotunan sun faɗi abin da ba a so a ji, soja suka killace su har yaƙin ya ƙare.

Maruyama ta ɗauri aniyar sake yin katin kowane mutum, kimanin 120,000, da suna da lamba da sansanin da aka kai shi. Ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ɗaruruwan masu sa kai, 'yan makaranta da ƙungiyoyi da tsofaffin da suka zauna a sansanonin da jikokinsu, su suka zauna suna rubutawa suna buga hatimi suna ɗaura zare. Ta haɗa su dami goma, kowane sansani da daminsa, ta rataye daga rufi, kowanne ya kusa ninka tsayin mutum biyu. Aikin, mai suna The Tag Project, ya zagaya garuruwan Amurka tun daga 2012.

In Shimomura ya hau da kai hasumiya, ita ƙasa ta sauko da kai, ta tsayar da kai a gindin abin. Adadi a takarda ba ya da nauyi, sifili ne ke bin sifili. A nan kuwa adadin ya fi ka tsawo, in mutum ya gifta iska ta kaɗa shi ya motsa. Daga nesa dami ne, kamar na dawa a rumbu. Ka matso sai damin ya watse ya zama sunaye, wannan da rubutun wani hannu, wancan da na wani. Tafiyar nan daga bakin ƙofa zuwa gindin damin ita ce aikin: kana fara ta da idon gwamnati, ka ƙare ta da idon dangi. Kuma rabin darajarsa ta riga ta samu tun kafin a rataye shi, a teburan da jika ya zauna kusa da kaka suna rubutu, bakin da ya daɗe a rufe ya buɗe.

Ita ma akwai abin cewa. Damin yana da kyau, kyau mai sanyaya rai, har mutum na iya tsayawa ya ɗauki hoto a gabansa ya manta takardun me ne ne. Sannan sunan da ke can sama ko can tsakiya ba mai iya karanta shi. Wanda ya zo neman kakarsa zai koma bai gan ta ba. Wato an mayar wa mutane sunansu, an kuma sake ɗaure su dami. Mai yiwuwa haka take nufi, don haka aka yi musu. Amma giɓin yana nan, kuma wani aiki ne ya cike shi daga baya: littafin Ireicho, wanda Duncan Ryuken Williams ya jagoranci haɗawa, aka ajiye a gidan tarihin Japanawan Amurka da ke Los Angeles a 2022. Sunaye 125,284 ne a ciki, an bi an tantance rubutun kowanne, mai ziyara kuma yakan buga ɗan hatimi a gefen suna, da burin kada a bar ko ɗaya ba a taɓa shi ba.

Tarihi ne ko gargaɗi?

Abin da ya hana waɗannan ayyuka zama kayan ajiya shi ne masu su ba su ɗauke su a matsayin labarin da ya wuce ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, lokacin da ido ya koma kan Musulmi da Larabawa a Amurka, ƙungiyoyin jikokin Japanawa suna cikin na farko da suka ce a kula. Ministan sufuri na lokacin, Norman Mineta, wanda aka tsare yana yaro a sansanin Heart Mountain, ya ƙi yarda a riƙa ware fasinjojin jirgi bisa kama ko addini. A 2019, da gwamnati ta shirya tsare yaran baƙin haure a barikin Fort Sill na jihar Oklahoma, inda aka taɓa tsare Japanawa a 1942, tsofaffin da suka yi ƙuruciya a bayan waya suka je ƙofar barikin da tsuntsayen takarda da aka naɗe da hannu, suka ƙi tashi. Daga baya aka janye shirin. Sun ga gemun wani ya kama wuta, su da nasu ya taɓa ƙonewa, ba su tsaya shafa wa nasu ruwa kawai ba.

Me ya shafe mu?

Kada mu yi ƙari. Ba wanda ya kewaye unguwarmu da waya, kuma mu a ƙasarmu muke. Amma tambayar manomin nan na Kansas ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Yaron da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, yana jin harshen garin kamar ruwa, in ya je neman gurbin karatu ko aiki sai a ce ya kawo takardar shaidar asali daga wata ƙaramar hukuma da bai taɓa kwana a cikinta ba. In ya je can ɗin, a ce Hausarsa ta karye, a kira shi ɗan kudu. A titi kuma sunansa ɗaya da na mai shayi da mai canji da mai digiri: aboki. Wani can ya yi laifi a daji, a zo kasuwa a nemi fansa a kan mai tumatir.

Kwashe mutane dami guda ma ba a Amurka kaɗai aka yi ba. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Hausawa da Yarabawa da yawa suka dawo, ciki har da waɗanda a zangon can aka haife su. A farkon 1983 kuma Najeriya ta yi wa 'yan Ghana da sauran maƙwabta irin wannan, har jakar da suka zuba kaya ta samu sunan da muke kiranta da shi yau ba tare da mun tuna komai ba. Laifi tudu ne. Mun taɓa zama a ƙasan hasumiyar, mun kuma taɓa hawa samanta, shi ya sa zanen mai gadin nan bai kamata ya ba mu daɗi da yawa ba.

In za a tambaye ni wanne ya fi cikin biyun, zan ce Shimomura ya fi kaifi, Maruyama ta fi nauyi, kuma mafi kyawun abin da kowannensu ya yi daga takarda ya fito: shi daga kundin kakarsa, ita daga jerin sunaye. Da Toku ba ta zauna kowane dare ta rubuta cefane da haihuwa da ciwon jika ba, da babu inuwar nan a bayan taga. A unguwar nan akwai dattawan da suka san wanda ya fara kafa rumfa, da wanda ya dawo daga Kumasi a 1969 da buhu ɗaya, da daren da aka kwana a barikin 'yan sanda, da maƙwabcin da ba Bahaushe ba wanda ya ɓoye yara a ɗakinsa. Akwai wasiƙun ajami a ƙasan adaka da jikoki ba sa iya karantawa, kamar yadda Shimomura bai iya karanta na kakarsa ba. Matasanmu masu zanen allon shago da jikin mota, da masu ɗaukar bidiyon biki, hannu da kayan aiki suna da su. Wanda ke da kaka a gida ya zauna da ita a wannan makon, ya kunna rikodar wayarsa, ya fara da tambayarta sunayen waɗanda suka zo tare.